A Bar Yaran Bogo Su Haɗa Labarinsu

A Bogo, kusa da Marwa, yaro na karatu da Faransanci, a gida kuwa Fulatanci ko Hausa yake yi. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta nemi a raya harsunan ƙasa, amma ina littattafan? Shafin African Storybook, na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, yana ba aji damar ƙago nasa labarin. A cikin labarin, wannan ɗaliba ta fito da sa daga kasuwar shanu, wancan ɗalibi ya tsinke masa igiya, malam ya gyara rubutu. Za a ce ba lantarki, data kuma da tsada. Haka ne, amma wayar malam ta wadatar: a tsara labarin a allo, a ɗora sau ɗaya. Faransanci ma ba zai raunana ba, domin ajin ne zai fassara labarin da kansa.