GONAR CIKIN WAYA DA GONAR BAKIN RUWA

Kwanan baya na sauka Madobi gidan wani abokina malamin makaranta, na tarad da shi yana yi wa ɗansa faɗa. Laifin yaron kuwa shi ne ya ɗauki wayar yayansa tun bayan la'asar, ya duƙufa a kanta har aka kusa kiran magariba. Da aka tambaye shi abin da ya ke yi, sai ya ce noma ya ke yi. Uban ya dube ni ya ce, "Ka ji fa, Malam! Ga gonar gado can ba ya ko leƙa ta, wai noma ya ke yi cikin waya." Na roƙi arziki aka bar yaron ya nuna mini gonar tasa. Abin da na gani shi ya sa na ɗauki alƙalami, gama ina jin akwai magana a nan wadda ta shafi malaman makaranta da ma'aikatan hukuma na wannan yanki duka.

Sunan wasan Minecraft. Wani mutumin ƙasar Suwidin, Markus Persson, shi ya fara fid da shi cikin 2009, kamfanin Microsoft ya saye shi cikin 2014 a kan dala miliyan 2,500. Ya zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Duniyar wasan nan duk tubala ce, kowane daidai da ɗan'uwansa: akwai tubalin ƙasa, da na dutse, da na itace, da na ruwa. Mai wasa ya haƙa, ya gina, ya yi kiwo, ya yi noma. Abin da yara suka fi alfahari da shi kuwa shi ne gina gona wadda za ta girbe kanta, ta kuma kai amfanin rumbu.

To, ga yadda a ke gina ta. Da fari sai a kafta ƙasa da fartanya. Tubalin ruwa guda yana jiƙa ƙasa tubali huɗu ta kowace fuska, ba ya ƙarawa. Watau in ka sa ruwa a tsakiya, fili mai tubali 9 a tsawo 9 a faɗi zai jiƙu, ka sami gurbin shuka 80. In ka kuskure da tubali guda, layin ƙarshe ya bushe, shukarsa ta yi ta jan jiki. Sa'ad da alkama ta nuna, sai a taɓa makunni, ƙofa ta buɗe, ruwa ya kwararo ya tumɓuke ta, ya kora ta zuwa mazurari, mazurari ya zuba cikin akwati. Amma ruwan nan tubali bakwai kaɗai ya ke tafiya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya tsaya. Saboda haka tilas mai gini ya yi wa gonarsa hawa-hawa, ya riƙa saukar da ita kafin ƙarfin ruwa ya ƙare. Rake kuma sai a gefen ruwa ya ke fita. A kan sa masa wani tubali mai sa ido, da ya ga raken ya yi tsawo sai ya motsa fistin ya karya kan, ya bar gindin ya sake tohowa.

Yaron nan da ubansa ke kuka da shi wajen lissafi, shi ya zayyana mini wannan duka ba tare da ya dubi takarda ba. Na tambaye shi, in fili ya zama 18 da 18, ruwa nawa zai sa? Kafin in rufe baki ya ce huɗu, shuka 320. Jama'a, in wannan ba lissafi ba ne, to, mene ne?

Yanzu kai mai karatu ɗaga kanka ka dubi maƙwabtan Madobi, watau Kura da Bunkure da Garun Malam. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da gonakin rani na can. Ruwan nan ba inji ke turo shi ba. Gangare ya ke bi, daga Tiga ya shiga babbar magudana, ta rabu rassa, rassa su rabu ƙanana, har ya iso bakin fangalin manomi. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da hekta 22,000, kuma hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa cikin 1976, ita ke riƙe da shi. Waɗanda suka auna ƙasar nan, suka san inda ruwa zai tsaya da inda zai wuce, suka dasa ƙofofi a inda ya kamata, tambayoyin da suka amsa su ne yaron nan ke amsawa cikin wayarsa: ina ruwa zai kai, yaushe za a buɗe, ta ina amfani zai fita. Kakanninmu da jigo su ke ban ruwa a fadama, guga ɗaya bayan ɗaya. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Amma fa kada wani ya ce na ce wasan nan makarantar noma ce. Wasan yana koya wa yaro yadda a ke ginawa, yana ɓoye masa yadda a ke riƙewa, riƙon kuwa shi ne ciwonmu. Cikin waya magudana ba ta cikewa da yashi, bango ba ya tsagewa, ƙofa ba ta tsatsa. Ruwan wasa ba ya ƙarewa, balle na sama ya tare shi na ƙasa ya kwana yana jira. A bakin ruwa na gaske kuwa, kachalla da laka suna toshe hanya, wanda gonarsa ke wutsiyar magudana ya kan ga shukarsa tana yaushi alhali na kusa da ƙofa ya cika fangalinsa har ya yi ambaliya. Lalacewar magudanan nan ta kai har cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da rance domin gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, har da wannan na Kano. Abin da aka gina da kuɗin jama'a, rashin kulawa ya sa aka koma gyaransa da bashi.

Har wa yau, cikin wasa babu tsutsa. Manoman Kadawa kuwa ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da a ke kira sharon ta cinye tumatir, har masana'antar tumatir da aka buɗe can a shekarar ta tsaya don rashin abin niƙawa. Cikin wasa babu jan baki mai sauka kan shinkafa, babu tsadar taki, babu ranar da kwanduna za su cika Kwanar Gafan farashi ya faɗi, manomi ya koma gida bai fid da kuɗin mota ba.

Akwai kuma wani abu da na lura da shi, wanda ya ba ni dariya ya kuma ba ni tunani. Ruwan da ke girbe alkama cikin wasan ba ya iya sake shuka ta. Ko dai mai wasa ya bi da kansa yana zuba iri, ko kuwa ya kamo wani ɗan ƙauye manomi daga cikin mutanen wasan, ya killace shi cikin gonar yana shuka yana girbi. Ashe ko cikin wasa babu gonar alkama da ke noma kanta. In ka ga amfani yana zuba cikin akwati, wani ne ya duƙa.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce wasan nan na kuɗi ne, yawancin ɗalibanmu ba su da waya, makarantun ƙauye da dama ba su da wuta balle kwamfuta, kuma yaron da aka sakar wa waya sai ya bar salla da karatu. Duk gaskiya ne, uban da ya ƙayyade wa ɗansa lokaci kuwa bai yi laifi ba. Ni ban ce Gwamnati ta sayi wasa ta raba ba. Abin da na ce shi ne, kada mu zubar da ilmin da ya riga ya shigo gida don ƙofar da ya biyo ba ta gamshe mu ba. Tun 2012 ma wani reshe na Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da birane ya ke amfani da wasan nan, mutanen unguwa su zana yadda su ke so a gyara filayensu, kuma daga Nairobi ta ƙasar Kenya aka fara.

Saboda haka ga shawarata ga malamai. Na farko, in akwai yaron da ya san wasan cikin ajinka, kira shi gaban allo ya zana gonarsa gida-gida, sauran su kwafa cikin littafin lissafi, su fid da faɗin fili da yawan shuka. Wannan alli kaɗai ya ke ci. Na biyu, in rani ya yi, ka kwashi aji ku tafi bakin magudana da igiyar awo da agogo. Su auna fangali, su ƙidaya mintin da ruwa ke yi kafin ya cika shi a kusa da ƙofa, sa'an nan su je wutsiya su sake ƙidayawa, su ga bambanci da idonsu. Gani ya kori ji. Na uku, in an komo, kowa ya rubuta abu biyar da ya gani a gonar gaske waɗanda babu su cikin wasa, da wanda ya kamata ya gyara kowane.

Ku kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi, naku shi ne ku share hanya. Ku rubuta wa hukumar ruwa da ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, a sa ranar da ɗalibai za su zo, a sami mai buɗe ƙofa da dattijon manomi su yi musu bayani. In ranar yashe magudana ta zo, a gayyaci manyan ɗalibai su ga yadda a ke aikin gayya.

Magudanan Tiga sun kai shekara hamsin, waɗanda suka haƙa su da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Nan gaba kaɗan riƙonsu zai koma hannun yaran nan da mu ke ƙwace wa waya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Kafin in bar Madobi abokina ya yi mini alkawari zai kai ɗansa bakin ruwa da igiyar awo, shi kuma yaron zai nuna wa ajinsu lissafin tubali 80. Allah ya sa sauran malamai su gwada, ya kuma ba mu damina da rani masu albarka, amin.