Kotunan Amurka: Lauya da Ganganci, Talaka da Shan Ɗauri

Amurka ba ta gajiya da yi wa duniya wa'azin adalci da 'yancin ɗan Adam, kuma 'yan korenta a ko'ina suna maimaitawa kamar aku. To amma a cikin wani hukunci na 2012, Kotun Ƙolin ƙasar da kanta ta ce kashi 97 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya suka kama da laifi, da kashi 94 na kotunan jihohi, amsa laifin suka yi, ba a kira shaidu ba, ba a yi shari'a ba. Ciniki ake yi. Mai gabatar da ƙara ya tsorata mutum da ɗauri mai tsawo, sannan ya ce idan ya amsa za a rage masa. Wanda ake tuhuma bai san doka ba, abin da lauyansa ya faɗa shi ne haskensa. To idan lauyan ne ya jefa shi rami fa?

Dubi abin da ya sami Jae Lee. Yana ɗan shekara 13 aka kawo shi daga Koriya ta Kudu a 1982, ya girma ya buɗe gidajen abinci a yankin Memphis, bai taɓa komawa ƙasar haihuwarsa ba. Aka kama shi da ƙwaya, a 2009 aka gurfanar da shi. Tambayar da ya dinga yi wa lauyansa ɗaya ce: shin za a kore shi daga ƙasar? Lauya ya ce sam. Ranar amsa laifi, alƙali ya gargaɗe shi cewa ana iya korarsa, Lee ya nuna damuwa, lauyan ya kwantar masa da hankali wai ai kowa haka ake karanta masa. Ya amsa, aka ɗaure shi shekara ɗaya da kwana ɗaya, sai ga shi ashe a doka korar tasa dole ce. Ba wai ana cewa ba shi da laifi ba ne. Magana ita ce an sayi amsarsa da bayanin ƙarya, kuma ita kanta gwamnati ta yarda lauyan ya yi aika-aika. Duk da haka kotuna biyu suka yi fatali da ƙorafinsa, wai ko da an yi shari'ar ma kayar da shi za a yi. Sai a 2017 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Shekara takwas!

Masu kare tsarin za su ce, to ai ga shi ƙofar gyara a buɗe take. Wace irin ƙofa? Tun hukuncin Strickland na 1984 aka ɗora wa ɗaurarre nauyi biyu: ya tabbatar aikin lauyansa ya gaza abin da hankali zai ɗauka, sannan ya tabbatar gazawar ta cutar da shi. Kuma an umarci alƙalai su fara da kyautata wa lauya zato. A 1985 aka ƙara da cewa wanda ya amsa laifi sai ya nuna cewa ba don kuskuren lauyan ba, da ya ƙi amsawa ya nemi a yi shari'a. Ana kuma zaro masa maganar bakinsa, domin a ranar an tambaye shi ko wani ya tilasta masa ya ce a'a, alhali wanda ya koya masa abin da zai ce shi ne lauyan da yake ƙara a kansa.

Wa zai rubuta masa takardar? A 1987 Kotun Ƙoli ta ce tsarin mulki bai wajabta wa hukuma ba shi lauya a wannan mataki ba. A 1996 kuma shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da ta ba shi wa'adin shekara ɗaya kacal ya kai kuka kotun tarayya. Mutum yana kurkuku, ba kuɗi, watakila Turancin ma bai ishe shi ba, an ce ya yi tsere da agogo. Mai kuɗi ya ɗauko sabon lauya, talaka ya rungumi ƙaddara.

Matasan da ke mafarkin Amurka su lura, wannan tarko yana kama baƙi ma. Jose Padilla ɗan Honduras ya haura shekara 40 a ƙasar, har yaƙin Biyetnam ya yi musu, lauyansa ya ce kada ya damu da batun kora tunda ya daɗe. Shari'arsa ce ta sa a 2010 aka wajabta wa lauya ya gaya wa baƙo haɗarin kora kafin ya amsa laifi. Aka yi ta tafi. Roselva Chaidez 'yar Meziko, wadda aka gama shari'arta a 2004, ta zo da irin wannan kuka. Shekara uku bayan hukuncin Padilla, Kotun Ƙoli ta ce mata sabon hukuncin bai shafi wanda aka rufe shari'arsa kafin 2010 ba.