Kaki da Auduga da Farar Ƙasa a Ɗakin Fiɗa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon filin nan nawa na kowane mako, domin in gaya wa 'yan'uwa masu karatu abin da likita ke tsai da jini da shi sa'ad da yake yi wa mutum aiki.

Babbar jijiya ba ta da wuya, kama ta yake yi ya ɗaure da zare. Amma akwai jinin da ke tsattsafowa daga ƙashi, ko hanta, kamar ruwa a jikin sabuwar randa. Ina za a ɗaure?

A 1892 wani likitan Ingila, Victor Horsley, ya bayyana dabararsa ta kakin zuma, kashi bakwai na kaki, ɗaya na mai domin ya yi laushi. Idan aka yanka ƙashin kai, sai a shafa a bakin, ya toshe 'yan kafofin. Har yanzu ana aiki da irinsa. Aibinsa ɗaya, jiki ba ya shanye shi, in aka cika shi sai ya hana ƙashi haɗuwa, har wurin ya yi mugunya. Saboda haka gwani ɗan kaɗan yake sawa.

A 1943 wata likita a Amurka, Virginia Frantz, ta gwada auduga wadda aka sarrafa da magani. In an ɗora ta, jini ya daskare a kanta, kāna ta narke cikin jiki da kanta, ba sai an sake buɗe mutum ba. A 1945 kuma aka fito da wani soso, Gelfoam, wanda ke narkewa cikin mako 4 zuwa 6. Daga fatar alade ake yinsa, watau wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, ya tambayi likita tun kafin ranar aiki. A ganina wannan ba rashin kunya ba ne.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2008, da sojan Amurka suka karɓi wani bandeji mai farar ƙasa a jikinsa, irin wadda muke shafe ɗaki da ita. Da ta taɓa jini sai ya yi hanzarin daskarewa.

To, a nan nake tsoro. Kada wani ya ji haka ya ce ashe da ma muna da gaskiya, ya debi ƙasa ko kashin shanu ya cusa a sara. Ta likita an tace ta, an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta. Ta gona kuwa, cikinta ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora ke zama. In wani ya sare, a danne wurin da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe, har a kai shi asibiti. Wasalam.

Ni ne naku,
Wani Akawu, Zariya.