Shiga makarantar soja: kada a ɓoye wa likita abincin da jiki bai so

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, da ku ƴan uwa da ke biye da mu daga Abijan, Libiya da Najeriya, yau za mu duba wani shinge da ke kada matasanmu a ƙofar soja, wato gwajin lafiya.

Tun 2020 gwamnati ta ce za ta ninka yawan sojojin Nijar daga 25,000 zuwa 50,000. Ƙofa ta ƙara buɗewa ke nan. Akwai Prytanée ta Yamai mai ɗaukar yara bayan firamare, akwai makarantar ƙananan hafsoshi ta ENSOA a Agadas, akwai kuma makarantar da ke horar da hafsoshi. Kowace za ka shiga, cin jarabawa da iya gudu ba su isa ba, sai likitan soja ya ce jikinka ya dace.

Mun saba jin maganar ido, hawan jini, asma, sikila da ciwon hanta. Wanda ba mu cika ambata ba shi ne borin jiki a kan abinci. Ba ƙyama ba ce, ba kuma ɓacin ciki ba ne. Mutum ya ci gujiya, kifi ko ƙwai, cikin ƴan mintoci borin jini ya feso masa, leɓe ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe. Idan ya tsananta, allurar adirenalin ce ke ceton rai, kuma dole a yi ta nan take.

To, ku duba cimarmu. Man gujiya na cikin miya, ga ƙuli-ƙuli, ga kilishin Madawa da ake shafe shi da tunkuza. A gida uwa ta san abin da za ta keɓe wa ɗanta. A bariki tukunya ɗaya ce, a fagen daga kuwa asibiti na da nisa. Sojan da numfashinsa ya sarƙe a daji, shi da abokan da za su ɗauke shi duk sun shiga haɗari.

A Amurka doka ta fayyace wannan. Wanda jikinsa ya taɓa yin bori mai tsanani da gujiya ko kifi ba ya wucewa kai tsaye, ko da makarantar West Point yake nema. Amma yana iya roƙon sassauci: ƙwararren likita ya ba shi abincin kaɗan-kaɗan a gabansa, in jiki bai motsa ba, hukumar soja ta sake duba takardunsa. Dalili kuwa, yara da yawa na rabuwa da borin madara da ƙwai in sun girma, amma na gujiya da kifi ya fi zama har girma.

Darasi biyu muke gani. Na farko namu ne, iyaye. Kafin a saida albasa ko tunkiya, kafin ɗan uwa ya turo kuɗi daga waje, a kai yaro asibitin gunduma ko babban asibitin Tawa, a faɗa wa likita gaskiya: me ya ci, me ya faru, sau nawa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya gyara muku takardar lafiya, ku guje shi. Takarda na iya wucewa, jiki ba ya yin ƙarya.

Na biyu na hukuma ne. Muna roƙon a riƙa bayyana sharuɗɗan lafiya da Hausa da Tamajaƙ a gidajen rediyo tun kafin a karɓi takardu, a faɗa wa wanda aka kada dalili, a kuma nuna masa inda zai nemi gwaji na biyu.

Wanda likita ya tabbatar bai dace ba, kada a tsangwame shi. Malamin makaranta da malamin asibiti su ma ƙasa suke yi wa aiki.