Amurka: daga ƙin haraji zuwa karɓar haraji

A daren 16 ga Disamba, 1773, wasu mutanen Boston suka hau jiragen ruwa uku da ke tashar birnin, suka farfasa akwatunan ganyen shayi 342, suka zubar a teku, saboda ba su yarda da harajin da majalisar Ingila ta ɗora a kansa ba. Bayan shekara 21, a 1794, George Washington, wanda ya jagoranci yaƙin da wannan rigima ta haifar, ya hau doki yana shugaban ƙasa, ya ja dakaru kusan 13,000 ya nufi yammacin Pennsylvania don ya sa manoma su biya haraji dole. Wanda ya ji labarin a gurguje zai ce wanzami ne ba ya son jarfa. Ni ban tsaya nan ba, domin a tsakanin waɗannan shekaru biyu aka yi ainihin aikin gina ƙasar, kuma duk mai son ya gane Amurka ta farko, to, ya bi sawun kuɗi.

Tushen rigimar bashi ne. A 1763 Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa. Ta yi nasara, amma bashin da ke kanta ya kusa ninkawa, ga kuma dubban sojoji da ta yi niyyar girkewa a Amurka. Sai aka ce mazauna yankuna 13 da ke bakin teku su ma su kawo nasu. A 1765 aka kafa dokar kan sarki: jarida, takardar kotu, takardar cinikin fili, har katin karta, kowanne sai an biya masa kuɗin hatimi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Abin da talakan Ingila ke biya a shekara ya ninka na mazaunin Boston sau da yawa. Duk da haka gari ya kama da wuta, aka wawashe gidan mataimakin gwamna Thomas Hutchinson, masu sayar da kan sarki suka yi ta ajiye aiki don tsira da rai, har aka soke dokar a 1766.

Hujjar mazauna yankunan guda ce. Suna da majalisunsu na gida, ta Virginia ma tun 1619 take zama, kuma su ne ke yanka musu haraji. Majalisar Landan kuwa ba su da ko mutum ɗaya a cikinta. Amsar da Landan ta bayar ita ce ai Manchester da Birmingham ma ba su da kujera tasu, kuma kowane ɗan majalisa wakilin kowa ne. Wannan amsa ba ta ci ba, kuma bai kamata ta ci ba: wanda ba ka da hanyar tsigewa ba wakilinka ba ne. Shayin nan ma da aka zubar, dokar shayi ta 1773 araha ta sa ya yi. Kwabo uku a kan kowace laba shi ne dukkan harajin. Mutanen sun gane cewa ranar da suka sha shayin araha suka biya kwabo ukun, sun sa hannu ke nan a kan ikon Landan na yanka musu duk abin da ta ga dama gobe.

Yaƙin kansa sananne ne: harbin farko a Lexington a 1775, shelar 'yanci a 1776, shigowar Faransa a 1778, miƙa wuyan sojan Ingila a Yorktown a 1781, sulhu a Paris a 1783. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ƙin haraji ya kusa cinye masu ƙin sa. Majalisar da ta haɗa yankunan 13, waɗanda suka zama jihohi, ba ta da ikon karɓar ko sisi daga hannun kowa. Sai dai ta roƙi jihohi, su kuma su ba da abin da suka ga dama, in sun ga dama. Da roƙo ya gaza sai ta koma buga takardar kuɗi, ta yi ta bugawa har takardar ta zama ba ta sayen komai. A sansanin Valley Forge, cikin hunturun 1777 zuwa 1778, sojoji wajen 2,000 suka mutu saboda cuta da yunwa da sanyi, alhali manoman yankin na kai hatsinsu Philadelphia suna sayar wa sojan Ingila, domin shi da tsabar kuɗi yake biya. A 1781 aka nemi jihohi su yarda da kuɗin fito na kashi 5 cikin ɗari a kan kayan waje. Ana bukatar kowace jiha ta amince. Rhode Island, mafi ƙanƙanta a cikinsu, ta ce a'a, magana ta mutu. A watan Yunin 1783 sojojin da ba a biya su albashi ba suka kewaye zauren majalisar a Philadelphia, 'yan majalisa suka tattara suka gudu Princeton. Ƙasar da ta kayar da Ingila ke nan.

Da gwamnatin tsakiya ta kasa, nauyi ya faɗo kan jihohi, su kuma suka sauke shi a kan mai rauni. Massachusetts ta tsananta haraji don ta biya bashin yaƙi, ta ce kuma da tsabar kuɗi za a biya, abin da manomin ƙauye ba shi da shi. Kotuna suka shiga ƙwace gonaki. A 1786 manoma suka tashi suka rufe kotuna, cikin jagororinsu har da Daniel Shays, tsohon kyaftin a yaƙin 'yanci. A Janairun 1787 suka tasar wa rumbun makamai na Springfield, aka buɗe musu wuta, mutum huɗu suka mutu. Rundunar da ta murƙushe su, attajiran Boston ne suka yi karo-karo suka ɗauki nauyinta, domin baitulmali wayam yake. Wannan shi ne ya fi ba ni tsoro a duk labarin. Gwamnatin da ba ta iya biyan sojanta, masu kuɗi ne za su biya mata, kuma bindiga tana kallon inda mai biya ya nuna.

Da wannan fargaba wakilai 55 suka hallara a Philadelphia a 1787, suka rubuta sabon tsarin mulki. A jerin ikon da sabon tsarin mulki ya ba majalisar tarayya, na farko shi ne yanka haraji da karɓarsa. Amma sun haɗa shi da sharaɗi: duk dokar tara kuɗi sai ta faro daga majalisar wakilai, wadda jama'a ke zaɓa duk shekara biyu. Alexander Hamilton, sakataren kuɗi na farko, ya tattara bashin tarayya da na jihohi ya mai da su nauyin gwamnati ɗaya a 1790. Akwai zalunci a ciki, ba na ɓoyewa. Tsofaffin sojoji da yawa sun riga sun sayar da takardun bashinsu ga 'yan baranda a wulaƙance saboda yunwa, su kuma 'yan barandan aka biya su cif. James Madison ya nemi a raba da masu takardun na asali, aka kayar da shi. Amma daga nan duniya ta fara yarda cewa in Amurka ta ci bashi za ta biya.

Biyan bashin ne ya kawo harajin barasa na 1791. Batun a nan na kuɗi ne, ba na halal da haram ba. Manomin da ke bayan duwatsun Appalachia ba shi da hanyar kai hatsinsa kasuwa, sai ya dafa shi ya zama barasa, wadda doki zai iya ɗauka, wadda kuma suke ciniki da ita a madadin kuɗi. Tsarin harajin ya fi sauƙi ga manyan masu dafawa, kuma wanda aka tuhuma sai ya yi tafiyar mil 300 zuwa kotun tarayya a Philadelphia. Kukansu yana da gaskiya. A Yulin 1794 suka ƙona gidan John Neville, babban jami'in haraji na yankin. Washington ya fito da runduna, masu tawaye suka watse ba a yi yaƙi ba. Mutum biyu aka samu da laifin cin amanar ƙasa, ya yafe musu duka.

Ina ganin Washington ya yi daidai da ya fito, kuma ya yi daidai da ya yafe. Dalilina shi ne abin da ya biyo baya. Waɗannan manoma suna da abin da iyayensu ba su da shi a 1765, wato ƙuri'a a majalisar da ta ɗora musu harajin. A zaɓen 1800 jam'iyyar masu harajin ta faɗi, Thomas Jefferson ya hau, a 1802 aka soke harajin barasa. Sakataren kuɗin da ya tsaya a kan sokewar shi ne Albert Gallatin, mutumin yammacin Pennsylvania, wanda ya zauna a tarurrukan masu adawa da harajin yana ba su haƙuri kada su ɗauki makami. A ƙasa da shekara goma, mai kuka da haraji ya zama mai riƙe da baitulmali. A 1803, shekara guda kafin hijirar Shehu Usmanu daga Ɗegel, Amurka ta sayi Louisiana daga hannun Napoleon a kan dala miliyan 15, faɗin ƙasar ya ninka. Mafi yawan kuɗin da takardun bashi aka biya, ta hannun bankin Baring na Landan da na Hope na Amsterdam. Amincin da Hamilton ya gina ne abokan hamayyarsa suka ci moriyarsa.

Sai dai zan ci amanar mai karatu in na tsaya a nan, domin akwai waɗanda suka biya fiye da kowa ba a taɓa tambayarsu ba. Ƙidayar 1790 ta sami mutum miliyan 3.9, kusan 700,000 daga ciki bayi ne, 'ya'yan Afirka, har da Musulmi masu karatu da aka kamo daga Afirka ta Yamma. Tsarin mulki ya ce a lissafa kashi uku cikin biyar na bayi wajen raba kujerun majalisa da wajen raba harajin kai tsaye. Harajin kai tsaye jefi-jefi aka yanka shi. Kujerun kuwa kullum ana zaune a kansu. Ma'ana, yawan bawa ya zama ƙarin murya ga ubangidansa a majalisa, muryar da ake amfani da ita a ƙara ɗaure bawan. Tun a 1780 wani baƙar fata ɗan Massachusetts, Paul Cuffe, da ɗan'uwansa John, suka kai ƙara ga hukuma cewa ana karɓar harajinsu alhali an hana su zaɓe. Hujjar 1765 ce suka maimaita wa masu ita, ba a biya musu bukata ba. Mata ma, in ka cire New Jersey na ɗan lokaci, haka suke biya ba ƙuri'a.

'Yan asalin ƙasar kuwa da ƙasarsu suka biya. A watan Agustan 1794, daidai lokacin da ake lallashin manoman Pennsylvania, wata rundunar tarayya ƙarƙashin Anthony Wayne ta fatattaki haɗakar ƙabilun Shawnee da Miami da sauransu a Fallen Timbers. Su ba a aika musu da afuwa ba. A yarjejeniyar Greenville ta 1795 suka rasa mafi yawan abin da yake jihar Ohio a yau, gwamnati ta auna filayen ta yi ta sayarwa tana zuba kuɗin a baitulmali. Ƙasar da aka sayo daga Faransa kuma aka cika kudancinta da rake da auduga, aka yi ta koro bayi daga Virginia da Maryland ana raba uwa da ɗa. Zuwa ƙidayar 1820 bayi sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma a shekarar majalisa ta kusa tsagewa biyu a kan ko Missouri, wani yanki na wannan ciniki, za ta shigo tarayya da bauta ko ba da ita ba. Da bauta ta shigo.