Maganin Ƙaiƙayi da Ake Sha Don Ƙiba: Ina Labarin Hanta?

Akwai wani magani mai suna siproheptadin, wanda a farmasi aka fi sani da Périactine. An yi shi ne domin ƙaiƙayi da borin jini da yawan atishawa. Sai dai yana da halaye guda biyu: yana sa barci, yana kuma buɗe ciki. Dalili kuwa shi ne yana tare hanyar wani sinadari, histamin, wanda a cikin ƙwaƙwalwa yake hana barci, yake kuma rage yunwa.

Wannan buɗe ciki shi ne ya fitar da maganin daga hannun lokotoro ya kai shi faifan masu talla. Mata da ƴan mata da dama, a Nijar da maƙwabta, suna shan irinsa don su yi jiki, musamman in aure ya matso. A Kinshasa, wani binciken da aka buga a 2016 ya tarar kimanin mutum 7 cikin 10 na waɗanda aka tambaya sun taɓa shan sa. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a a kan Apetamin, ruwan magani mai ɗauke da shi, ta ambaci lahani ga hanta.

To, mene ne masana suka gano game da kitsen hanta? A 2010 masu bincike a Amurka sun lura masu shan magungunan ƙaiƙayi sun fi waɗanda ba su sha nauyi. A 2014 aka gwada wasu iri biyu a kan ɓeraye masu cin abinci mai maiƙo, kitse ya ƙaru a hantarsu. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma waɗanda aka gwada ɗin ba masu sa barci sosai ba ne. Saboda haka hukunci bai yanku ba tukuna.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne ƙiba ita ce babbar ƙofar wannan cuta. Kitse yakan taru shekara da shekaru ba zafi ba alama, wani lokaci har hanta ta ƙeƙashe. Ga shi kuwa a ƙasar nan ciwon hanta nau'in B ya riga ya yi yawa, wadda take ɗauke da shi in ta ƙara da kitse, ta ɗora wa hanta kaya biyu. Mai tallar ƙwayoyi a tasha ba ya tambayar kowa sakamakon awon jini kafin ya ƙirga masa.