Maganin damuwa ta waya ko ido da ido: wanne ya fi wa ɗan kasuwa?

Duk wanda ke cin abinci a kasuwa ya san shekarun nan ba su zo mana da sauƙi ba. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020, ana cikin haka korona ta shigo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sai ga takunkumin CEDEAO, aka sake garƙame hanyar Ɗan Isa da ta Konni har watan Maris na 2024, naira kuma ta yi faɗuwar da ta cinye jarin mutane da yawa. A daminar 2024 ambaliya ta rushe gidaje a Maraɗi da wasu garuruwa. Asarar kaya kowa na ganinta, ana kuma jajanta wa mai ita. Abin da ba a faɗa shi ne wanda ke biyo baya: mutum ya kwanta barci ya ƙi zuwa, abinci ya fita ransa, ya zauna a rumfa mai saye na magana hankalinsa na wani wuri, uwar adashe ta riƙa jin faɗuwar gaba duk lokacin da wayarta ta yi ƙara.

Idan wannan hali ya wuce mako biyu yana hana mutum aikinsa, likitoci na kiransa ciwon damuwa, kuma yana da magani. Wani na sha ne, wani kuwa na magana: mutum ya zauna da wanda aka horar, sau ɗaya a mako, su bi tunanin da ke cinsa ɗaya bayan ɗaya, su ware wanda ke da tushe da wanda tsoro ne kawai, su tsara abin da zai yi kafin zama na gaba. Tambayar da ake ta yi a duniya, musamman tun 2020 da korona ta hana haɗuwa, ita ce ko wannan zama zai yiwu ta waya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1953 wani limamin coci mai suna Chad Varah ya buɗe layin tarho a Landan don waɗanda duniya ta yi wa zafi, daga nan ƙungiyar Samaritans ta samo asali. Amma awon da ya fi jan hankalinmu shi ne wanda David Mohr da abokan aikinsa na jami'ar Northwestern suka yi a birnin Shikago na Amurka, aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2012. Sun ɗauki mutum 325 masu ciwon damuwa suka raba su gida biyu. Kowane gida an shirya masa zama 18 da irin magani ɗaya, waɗansu ta waya, waɗansu a ofis. A cikin masu zuwa ofis, kusan kashi 33 cikin ɗari sun watsar kafin a kai ƙarshe. A cikin masu waya kuwa kusan kashi 21 ne. Da aka gama, sauƙin da gidajen biyu suka samu bai bambanta ba. Sai dai bayan wata shida da aka sake dubawa, waɗanda aka gani ido da ido sun ɗan fi riƙe sauƙin nasu.

Wannan ɗan bambanci na ƙarshe ana iya karanta shi ta fuska biyu. Ko dai zaman ido da ido yana dasa wani abu da murya kaɗai ba ta dasawa, ko kuma waya ta riƙe mutanen da ciwonsu ya fi nauyi, waɗanda da a ofis ne da tuni sun gudu, shi ya sa lissafin gidansu ya ɗan sauka. Ko wanne ne, mu dai abin da muka fi ɗauka shi ne lissafin masu watsarwa, don maganin da aka bari a tsakiyar hanya amfaninsa kaɗan ne.

Ku duba, wannan fa a Shikago ne, inda akwai motocin haya da jiragen ƙasa. To ina ga mai sayar da kayan miya a Kasuwar Dole ta Damagaram? Sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa da aka fi sani a ƙasar nan, Pavillon E, yana babban asibitin Yamai ne, tafiyar kusan kilomita 900 daga Damagaram, fiye da 600 daga Maraɗi. Ko a garinku ne ma likitan yake, a ce mace ta rufe tebur sau 18, ta biya kabu-kabu zuwa da dawowa, ta bi layi tun safe, ranar nan babu ciniki, babu kuɗin cefane, zubin adashe kuma ba ya jira. Wanda bashi ya jefa cikin damuwa, in aka ce sai ya rufe rumfa zai samu magani, an ƙara masa wata damuwar ne.

Akwai kuma kunya. A wajenmu da zarar an ga mutum a ƙofar likitan ƙwaƙwalwa, kafin la'asar labari ya zaga layinsu cewa wane ya taɓu. Ɗan kasuwa kuwa da amana yake juya kuɗi. Wa zai ba shi kaya bashi bayan wannan? Waya na rufa wannan asiri. Mu da ke aikin rediyo mun san abin da mutum ke iya faɗa in ba a ganin fuskarsa, wanda ko ɗan uwansa na ciki ɗaya bai taɓa ji ba. Kuma ƴan kasuwar Nijar ba baƙin amfanin waya ba ne: binciken Jenny Aker kan kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006 ya nuna shigowar salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, don mutum ya daina hawa mota kawai don jin nawa ake sayar da tiyar gero.

Sai dai jin farashin gero minti ɗaya ne, wannan kuwa zance ne mai tsawo da ke son wuri shiru. A gidanmu na yawa, ga kishiya, ga yara, ga surukuwa a tsakar gida, ina mace za ta keɓe ta yi maganar da ke cikinta? Mata da yawa ma wayar ba tasu ba ce, ta maigida ce ko ta ɗa. Idan kuwa maigidan ne tushen damuwar, kiran da ya shigo wayarsa na iya jawo mata abin da ya fi ciwon. Ga kiredi da ke ƙarewa, ga rezo da ke yankewa daidai lokacin da mutum ya fara buɗe baki. Shi kuma mai sauraro ba ya ganin ramar da aka yi, ko rawar hannu, ko tabon duka. Mu Hausawa in aka tambaye mu jiki sai mu ce da sauƙi ko da muna kwance, ido ne ke ƙaryata wannan amsa.

Wata hanya ta uku ta fito daga Zimbabuwe. Likita Dixon Chibanda ya sha ba da labarin wata yarinya da yake dubawa wadda ta kashe kanta saboda iyayenta ba su da kuɗin motar kai ta Harare. A 2006 ya fara horar da tsofaffin mata na unguwa su zauna kan benci a harabar ƙananan asibitoci su saurari mutane, zama shida. Gwajin da aka buga a 2016 kan mutum 573 ya nuna bayan wata shida kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da su ne ke da sauran alamun ciwon, a ɗaya gidan kuwa kusan rabi. Da korona ta zo, sun ci gaba da aikin ta waya da WhatsApp. Abin lura, benci ya kawo ido da ido ƙofar gida ba tare da kuɗin mota ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tun 2008 take da shirin mhGAP na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci wannan aiki.

A ganinmu tsarin da ya dace da kasuwa shi ne a haɗa biyun. Zaman farko a yi shi ido da ido a likitar CSI mafi kusa, a ga mutum, a auna jininsa, don wasu cututtukan jiki kan zo da kamar damuwa. Sauran zaman a yi ta waya a lokacin da shi ya zaɓa, ma'aikacin ne zai kira don kada kiredi ya zama hujjar dainawa, a kuma sake haɗuwa kafin a rufe. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da ke tara kuɗin gudummawar biki da rasuwa za su iya neman a ware ɗaki ɗaya a bakin kasuwa, yini ɗaya a mako.

Mu yi hattara da masu kira su ce suna warkar da damuwa in an tura musu jikka biyar. Ma'aikacin gaskiya yana da asibitin da za a same shi, kuma ba ya alkawarin waraka cikin kwana uku. Sannan akwai halin da waya ba ta isa ba sam: wanda ya fara maganar ya gaji da rayuwa ko zai kashe kansa, wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, wanda ya kwana uku bai runtsa ba yana surutai, da mai jegon da ta juya wa jaririnta baya. Irin waɗannan kada a bar su su kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da wuƙa daga kusa da su, a kai su asibiti ranar nan, ko da ranar kasuwa ce.